Marsashlok ko San Jiljan: Inda Ya Kamata Baƙo Ya Sauka a Tsibirin Malta

Wanda ya samu bizar shiga Malta, ko don halartar taro, ko don ziyartar ɗansa da ke karatu a can, ko kuwa don hutu da iyali, zai tarar cewa tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce garin da zai riƙa kwana a cikinsa. Ƙasar ƙarama ce ƙwarai, domin faɗinta duka murabba'in kilomita 316 ne, babban tsibirinta kuma tsawonsa bai wuce kilomita 27 ba, saboda haka duk inda mutum ya sauka zai iya zuwa ya ga sauran wurare ya dawo a yini guda. Abin da masauki yake yanke wa baƙo shi ne irin sautin da zai ji da daddare, da abin da zai buɗe ido ya gani da asuba, da abincin da zai samu a kusa, da yawan sa'o'in da zai ɓata a cikin bas. A kan wannan nake so in auna garuruwa biyu da suka soma rayuwa a matsayin ƙauyukan masunta a bakin Bahar Rum. Na farko shi ne Marsashlok da ke kudu maso gabashin tsibirin, wanda a allunan hanya za a ga an rubuta Marsaxlokk, saboda harafin x a harshen Malta sautin sh yake bayarwa. Na biyu shi ne San Jiljan da ke arewa da Valletta, babban birnin ƙasar, wanda a takardun otal aka fi kiransa St Julian's.

Asalinsu kusan ɗaya ne. Shekaru ɗaruruwa mutanen Malta, in ban da mazauna biranen da ke da ganuwa, ba su yarda su kafa gari a bakin ruwa ba, saboda 'yan fashin teku da ke sauka su kwashi mutane su tafi da su bauta. Masunta sun fi zama a garuruwan tsakiyar tsibiri, su gangaro gaɓa su yi aikinsu su koma. Sai a ƙarni na 19, bayan Ingila ta karɓi tsibirin kuma teku ya yi lafiya, mutane suka fara gina gidajen zama a inda suke ɗaure jiragensu. A al'adar Malta, ƙauye yana zama gari ne ranar da cocinsa ya samu cin gashin kansa, kuma San Jiljan ya samu wannan matsayi a 1891 bayan ya rabu da Birkirkara, Marsashlok kuma a 1897 bayan ya rabu da Zejtun. Tsakaninsu shekara 6 ce kacal. Amma a yau ginin da ya fi kowanne tsawo a Malta a San Jiljan yake, Marsashlok kuwa mazaunansa ba su wuce wajen mutum 4,000 ba, kuma har yanzu shi ne babbar matattarar masuntan ƙasar.

Dalilin wannan bambanci a fili yake. San Jiljan yana daf da Valletta da Sliema, don haka tun zamanin Turawan Ingila masu hali suka riƙa gina gidajen shan iska a can, barikokin soja kuma suna makwabtaka da shi. Da ƙasar ta samu 'yanci a 1964, kuma kuɗin da sojojin Ingila ke kashewa ya fara janyewa, sai gwamnati ta juya ga yawon buɗe ido, manyan otal suka taso a wannan gaɓar, fadar Dragonara da wani attajiri ya gina a 1870 ta koma gidan caca a shekarar 'yancin kanta. Kudancin tsibirin kuwa sai aka ɗora masa kaya masu nauyi, wato tashar sauke kwantenoni da aka kafa a 1988 da tashar wutar lantarki ta Delimara da ta fara aiki a 1992. Wannan rabon ne ya kare Marsashlok daga dogayen benaye, shi ne kuma ya ɓata masa wani sashe na kyan ganinsa, kamar yadda zan zo kai.

Na fi son a fara ganin Marsashlok ranar Talata ko Laraba da sassafe, domin a irin waɗannan ranaku ne garin yake na masu shi. Ruwan mashigin a kwance yake, cike da ƙananan jiragen katako da ake kira luzzu, an shafe su da shuɗi da rawaya da ja da kore, kowanne da idanu biyu a goshinsa, waɗanda ake cewa al'ada ce da ta samo asali tun zamanin Finikiyawa, 'yan kasuwan teku na zamanin da, don neman tsari daga sharrin teku. A bakin gaɓa za ka ga dattijo zaune a kan kifaffen akwatin kifi, ya maƙale taru da babban yatsan ƙafarsa ya ja shi ya miƙe, yana ɗinke inda ya yage, kamar dai yadda masuntan Yawuri ko na Baga suke yi, kyanwowi suna zagaya shi, warin man dizal da na kifi sun cakuɗe a iska. Fentin jirgin ma yana da ma'ana a wurinsu, domin ɗa yakan bar launukan da ya gada daga mahaifinsa, kuma a al'adance idan aka ga an shafa baƙi a gaban jirgi, to gidan suna makoki ne. Babu wanda ya shirya wannan don baƙi, sana'ar mutane ce da suke ci da ita, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da Marsashlok yake da shi wanda kuɗi ba su saya wa San Jiljan ba.

Wanda ya zo tsakanin 15 ga Agusta da ƙarshen Disamba zai tarar da kakar lampuki, kifin da mutanen Malta suke ji da shi har suka taɓa sa hotonsa a kan kwabon sulallansu kafin su koma Yuro a 2008. Yadda ake kama shi abin sha'awa ne. Masunta suna yanko rassan dabino, su ɗaure su da abin da zai sa su yi iyo, su ɗaura musu dutse da doguwar igiya ya riƙe su a wuri guda a tsakiyar teku, su jera su a layin da aka ware wa kowane jirgi. Lampuki kifi ne mai son inuwa, sai ya taru a ƙarƙashin rassan, masunta su zagaye shi da taru su ɗebe. A makonnin da ke gaban buɗe kakar za a ga rassan dabino tsibi-tsibi a bakin gaɓar Marsashlok, kuma kafin jiragen su fita akan yi taron sa musu albarka. Idan kakar ta yi kyau kifin yakan yi araha, a soya shi ko a yi masa miyar tumatir, ko a cusa shi a cikin fanken da suke gasawa da alayyafo da zaitun.

Ranar Lahadi kuwa garin yakan canza kama. Kasuwa takan ci daga wannan ƙarshen gaɓa zuwa wancan, motocin masu yawon buɗe ido su yi ta sauke mutane, har tafiya ta gagara sai da turereniya. A sauran ranakun mako yawancin kifin kasuwar sari ta Marsa ake kai shi, Lahadi ce ranar da ake baje shi a gaban kowa. Gaskiyar magana ita ce rumfunan kifin kaɗan ne idan aka kwatanta da na tufafi da takalma da kayan tsaraba irin waɗanda ake samu a ko'ina, kuma mafi kyan kifin yana ƙarewa da wuri. Wanda ya taso daga San Jiljan bayan karin kumallo zai iso ne a daidai lokacin da cunkoso ya kai maƙura, ya sha rana, ya ci abinci mai tsada a gidan abincin da ya cika, ya koma yana cewa an zuzuta wurin. Wanda ya kwana a garin kuwa zai fito da ƙarfe bakwai ya ga matan gari suna taya kifi, ya sayi imqaret mai zafi, wato soyayyen fulawa da aka cusa wa dabino, ya koma ɗakinsa kafin taron ya iso.

Amma wajibi ne a faɗi aibin Marsashlok ba tare da ɓoye komai ba, domin hotunan da ake tallata shi da su daga kusurwa ɗaya ake ɗaukarsu. Mashigin ruwan yana da faɗi da zurfi, shi ya sa jiragen yaƙin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka yada zango a cikinsa a watan Mayun 1565, lokacin da suka zo yi wa tsibirin ƙawanya, kuma a cikinsa ne shugaban Amurka George Bush da shugaban Tarayyar Soviet Mikhail Gorbachev suka gana a jirgin ruwa ranakun 2 da 3 ga Disamban 1989, ganawar da ake ƙirgawa cikin alamomin ƙarshen yaƙin cacar baka. Wannan faɗin da zurfin ne kuma suka jawo masa masana'antu. Idan ka tsaya a bakin gaɓa ka dubi hagu, tashar lantarki ce, da wani ƙaton jirgin ajiyar iskar gas a ɗaure a gefenta dare da rana. An rushe dogon bututun hayaƙinta mai mita 150 a 2018, an kuma koma amfani da gas, abin da ya rage gurɓatar iska, amma tashar tana nan. Idan ka zagaya wajen hasumiyar San Lucjan da aka gina a 1610, manyan injinan ɗaga kwantena na Birzebbuja ne za su tare maka ido. Wanda ya zo neman ƙauyen da zamani bai taɓa ba zai ji an yaudare shi.

Masauki ma kaɗan ne. Babu manyan otal, sai ƙananan gidajen baƙi da ɗakunan haya a tsofaffin gidaje, wasu da matakala mai tsayi ba tare da na'urar hawa bene ba, abin da ya kamata mai tafiya da tsoho ko mai ciwon ƙafa ya tambaya tun kafin ya biya. A lokacin zafi sai an kama wuri da wuri. Akwai wani masauki na daban da ya cancanci ambato, wato tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Delimara, ginin tsakiyar ƙarni na 19, wadda ƙungiyar kare kayan tarihi ta Din l-Art Ħelwa ta gyara take bayar da hayarta, sai dai tana nesa da gari, kuma ba ta dace da wanda ba shi da mota ba. Da daddare garin yakan yi tsit da zarar gidajen abinci sun rufe. Bas mai lamba 81 da 85 suna zuwa Valletta cikin wajen minti 40 idan hanya ba ta cushe ba, amma da dare ya yi nisa sai dai tasi.

San Jiljan kuwa kuskure ne a ɗauke shi a matsayin wuri guda, domin unguwanni uku ne masu hali daban-daban a jere a bakin ruwa, kuma jin daɗin baƙo ko wahalarsa ya danganta da wadda ya faɗa cikinta. Ta kudu ita ce Balluta, mai ƙaramin dandali da inuwar bishiyoyi, da wani tsohon gini mai ado na 1928, inda iyalai suke zama da yamma. Ta tsakiya ita ce Spinola, tsohon ƙauyen masuntan kansa, inda har yanzu akwai 'yan jiragen luzzu da rumbunan ajiye jirage a ƙarƙashin gidajen abinci, sunan kuma ya samo asali daga fadar da wani babba a cikin mayaƙan Kirista da suka mulki tsibirin ya gina a 1688. Ta arewa ita ce Paceville, kuma a nan ne ake bukatar hattara.

Paceville ita ce cibiyar shagalin dare ta ƙasar baki ɗaya. 'Yan tituna ne ƙalilan, amma cike suke da mashaya da gidajen rawa da na caca, kiɗa yana tashi har gabanin asuba, musamman daga daren Juma'a zuwa Lahadi da kuma duk tsawon lokacin zafi. Doka a Malta ta yarda ɗan shekara 17 ya sayi giya, ƙasar kuma ta halatta mallakar tabar wiwi kaɗan don amfanin kai tun Disamban 2021, ko da yake shan ta a bainar jama'a laifi ne. Dubban matasan da ke zuwa makarantun koyon Turanci daga ƙasashen Turai da wajenta nan suke kwararowa da dare. Otal da yawa masu rangwamen farashi a cikin waɗannan tituna suke, kuma a intanet adireshinsu St Julian's kawai yake nunawa. Magidancin da ya ga araha ya kama ɗaki ba tare da ya duba taswira ba zai iya tsintar kansa da matarsa da 'ya'yansa mata suna ratsa taron mashaya kafin su kai ƙofar masaukinsu. Ina ganin wannan shi ne kuskure mafi muni da baƙo irinmu zai iya yi a Malta, kuma minti biyar na duba taswira ya isa ya hana shi.

Wata damuwar ita ce gine-gine. Benen Portomaso mai hawa 23 da tsawon mita 98 ya riƙe kambun tsawo tun 2001, har benen Mercury mai sama da mita 120 ya zo ya wuce shi, kuma har yanzu rushewa ake yi ana sake ginawa. Ƙura da ƙarar injin fasa dutse suna farawa da safe, don haka yana da kyau mutum ya tambayi otal kai tsaye ko akwai aikin gini a maƙwabta. Yawan jama'ar ma ba na baƙi kaɗai ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna mazauna ƙasar sun haura 519,000, sama da kashi ɗaya cikin biyar kuma ba 'yan ƙasa ba ne, da yawansu ma'aikatan kamfanonin caca ta intanet da na hada-hadar kuɗi da ke da ofisoshi a wannan yanki. A kan wannan aka ƙara masu yawon buɗe ido kusan miliyan 3 a 2023.

Duk da haka, abin da San Jiljan yake bayarwa ba ƙarami ba ne. Otal iri-iri ne, daga na alfarma zuwa na talaka, kantuna da shagunan magani da wuraren cirar kuɗi suna ko'ina, bas zuwa Valletta ba ya yankewa, akwai kuma na dare. Daga Spinola akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa a bakin teku da ta bi ta Balluta har Sliema, inda ake shiga jirgin fito a tsallaka Valletta cikin wajen minti goma, kuma ganin ganuwar birnin daga kan ruwa da la'asar yana cikin abubuwan da ba a mantawa. Wanda taro ya kawo shi, akwai yiwuwar a ɗaya daga cikin manyan otal na wannan yanki ko a Valletta za a yi shi, kuma a ƙasar da cunkoson motoci ya zama ruwan dare, kwana kusa da wurin taro hutu ne babba.

Batun wanka a teku yana bukatar magana ta musamman, domin da yawanmu ba mu iya iyo ba. Wurin da ya fi shahara kusa da Marsashlok shi ne St Peter's Pool a zirin Delimara, tafiyar sama da rabin sa'a a ƙafa, ko a shiga ƙaramin jirgi daga gaɓa. Ruwansa garai-garai ne, amma babu yashi, babu inuwa, dutse ne shimfiɗe sai ruwa mai zurfi da matasa ke dirowa ciki daga sama. Wurin kallo ne ga wanda bai iya ruwa ba, kuma bai dace da ƙananan yara ba ko kaɗan. San Jiljan yana da ɗan bakin teku mai yashi a St George's Bay, yashin ma kawo shi aka yi, amma a gindin Paceville yake, ya cika maƙil, kuma shigar mutanen wurin ba za ta yi wa mai kunya daɗi ba. Mai son yara su yi wasa a ruwa marar zurfi, Mellieha ce wurin zuwa, can arewacin tsibirin, inda mutum zai yi tafiya mai nisa a cikin ruwa bai wuce masa ƙugu ba. Daga San Jiljan bas ɗaya ne zai kai shi, haka ma tashar Cirkewwa inda ake shiga jirgin minti 25 zuwa tsibirin Gozo. Daga Marsashlok kuwa sai ya ratsa tsibirin daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A wannan fanni San Jiljan ya yi nasara ba tare da gardama ba.

A fannin abinci kowanne da inda ya fi. Abincin da mutanen Malta suka fi alfahari da shi dafaffen zomo ne, kuma da giya ake dafa shi, naman alade ma yana shiga girke-girkensu da yawa. A Marsashlok mafita a buɗe take, tun da kusan kowane gidan abinci kifi ne sana'arsa, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi dabbobin teku duka halal ne. Abin lura biyu ne kawai. A tambaya ko an zuba giya a miya, domin sukan yi haka a wasu girke-girken, sannan a tambayi kuɗin kifi kafin a gasa shi, saboda a kan nauyi ake sayar da babban kifi, kuma wanda bai tambaya ba lissafin zai iya ba shi mamaki. Miyar kifinsu mai tafarnuwa da ake kira aljotta, da burodin ftira da aka shafa wa tumatir da man zaitun aka zuba kifin tuna, sun wadatar da mutum. Amma wanda ba ya iya kwana uku bai ci nama ba, San Jiljan da maƙwabtansa Sliema da Gzira ne suka fi masa, domin a can ne shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Indiya da Pakistan suka fi yawa, kuma ana samun masu sayar da naman halal.

Babban masallacin ƙasar, Masallacin Maryam Al-Batul, a garin Paola yake, kuma Mu'ammar Gaddafi na Libiya ne ya aza harsashinsa a 1978. Paola tana kan hanyar da ta haɗa Valletta da kudancin tsibirin, don haka mazaunin Marsashlok ya fi samun sauƙin zuwa Juma'a fiye da wanda zai fara shiga Valletta daga San Jiljan ya sake bas. Alƙibla kuma daga Malta gabas ce maso kudu, saɓanin yadda muka saba a ƙasar Hausa inda muke karkata arewa. A Paola ɗin ne kuma ake da Hypogeum, wani wurin binne matattu na dubban shekaru da aka sassaƙa a ƙarƙashin ƙasa, wanda mutane ƙalilan ake bari su shiga a kowace rana, sai an sayi tikiti makonni kafin zuwa, kuma ba a shiga da yaron da bai kai shekara 6 ba.

Akwai wani jin daɗi da Bahaushe zai samu a Marsashlok fiye da San Jiljan, wato jin harshen Malta a bakin masu shi. Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, kuma ko da yake mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, harshensu daga Larabci ya tsiro. Ubangiji a wurinsu Alla ne, azuminsu na kafin Ista Randan suke kiransa, ranar kasuwar il-Ħadd ce, Alhamis il-Ħamis, kuma idan mai kifi ta ce ħamsin ko sittin babu bukatar tafinta. Sunan garin kansa daga marsa ne, wato tashar jiragen ruwa, da xlokk, iskar kudu maso gabas. A San Jiljan kuwa mutum zai iya yin mako guda wanda ya kawo masa abinci da wanda ya tuƙa shi da wanda ya gyara masa ɗaki duk baƙi ne kamarsa, Turanci kawai ake yi. Turancin harshen hukuma ne a ƙasar, saboda haka a garuruwan biyu babu matsalar fahimtar juna, kuma soket ɗin lantarkinsu mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya, sai dai tuƙi a hannun hagu ake yi, abin da mai niyyar hayar mota ya kamata ya yi tunani a kai.

Lokacin zuwa yana iya sauya hukuncin. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 30 da gumi mai nauyi, farashi ya tashi, San Jiljan ya cika ya batse, kuma lokacin bukukuwan coci ne, inda ake harba abubuwan wasan wuta masu ƙara kamar igwa tun da safe, a garuruwan biyu duka. A ƙarshen Agusta ake bikin San Jiljan, inda samari ke gudu a kan wani dogon gungume da aka shafe da kitse aka miƙa shi saman ruwan Spinola, suna ƙoƙarin cizgo tuta kafin su faɗa teku. A hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai ruwan sama da iska mai sanyi, tsofaffin gidajen dutse suna riƙe danshi, Marsashlok yakan yi shiru har ya kai ga kaɗaici, alhali San Jiljan yana da kantuna da wuraren fakewa, otal kuma sun sauke farashi. Mafi dacewa ga Marsashlok shi ne Mayu da farkon Yuni, ko kuma ƙarshen Satumba da Oktoba, lokacin da teku bai huce ba kuma lampuki yana kasuwa.

Idan aka tambaye ni, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya zo kwana uku, da wanda bai taɓa fita Turai ba kuma yake son komai a kusa, da mai tafiya da tsohon da ke bukatar otal mai cikakkiyar hidima, da mai yaran da burinsu yashi da ruwa, duk San Jiljan ya fi musu, da sharaɗin su sauka a Balluta ko gefen Spinola da ke kallon Sliema, su kuma nemi ɗakin da ba ya fuskantar babban titi. Ma'aurata masu neman natsuwa, da mai son rubutu ko nazari, da duk wanda ya fi son ya san mutanen ƙasa a kan ya zagaya kantuna, Marsashlok ne nasu, kuma ni a can zuciyata take duk da tashar lantarkin, saboda gari ne da mutum zai fito bayan sallar asuba ya tarar da masu shi sun riga shi tashi suna aiki.

Mai mako guda ba dole ne ya zaɓi ɗaya ba. Zai iya yin kwana huɗu na farko a San Jiljan, ya gama da Valletta da tsohon birnin Mdina da Mellieha da Gozo, ranar Juma'a da hantsi ya ɗauki kayansa ya tsaya Paola ya yi salla, ya wuce Marsashlok. Asabar ya hau Delimara da sanyin safiya ko ya leƙa kogon Għar Dalam da ke kusa, inda aka tono ƙasusuwan ƙananan giwaye da dorinar ruwa da suka rayu a tsibirin a zamanin da. Lahadi ya riga kowa shiga kasuwa, Litinin kuma ya ga garin bayan an share gaɓa an koma ɗinkin taru. Filin jirgin sama yana kudancin tsibirin ne, tafiyar wajen minti 15 a tasi daga Marsashlok, saboda haka ko jirgin asuba ne zai kama ba sai ya ratsa cunkoson arewa ba.